Yadda Ake Haɗa Kwamfutocin Gida Su Yi Magana da Juna: Windows, Mac, Linux da Wayoyi



A yawancin gidajenmu na'urorin da ake aiki da su ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Akwai tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows da aka saya ta hannu a Tip Toe Lane kusa da Circle a Ankara, ko a Adum a Kumasi. Akwai laftof ɗin Apple da wani ɗan'uwa ya aiko daga Jamus ko Amurka. Akwai ɗalibin da ya sa Ubuntu a tasa saboda karatun jami'a, sannan kowa da wayarsa a hannu. Idan ana son a kai bidiyon aure ko sautin tafsirin azumi daga wannan zuwa waccan, sai a shiga neman filash, ko a tura ta WhatsApp a ƙona data, hoton ma ya rage kyau. Wannan bayani zai nuna yadda ake haɗa na'urorin nan su riƙa miƙa wa juna fayil kuma su yi aiki da firinta ɗaya. Zai amfani gida, da ofishin makaranta, da shagon buga takardu, da ofishin masallaci.

Shin yana cin data?

Wannan ce tambayar farko da dattawa kan yi, kuma amsarta a'a ce. Netwok na gida daban, intanet daban. Idan kwamfutar falo ta aika fayil zuwa ta ɗaki, fayil ɗin zai bi ta rauta ne kawai ya sauka, ba ya fita waje. Ko da bandul ɗinku na MTN ko Telecel ko AT ya ƙare, ko babu sim a cikin rautar gaba ɗaya, kwamfutocin za su ci gaba da ganin juna muddin rautar tana kunne.

Abin da ke shan data a ɓoye shi ne sabunta manhaja da kwamfutoci ke yi da kansu idan sun samu intanet. A Windows ana iya rage wannan ta hanyar kunna Metered connection a cikin bayanan Wi-Fi ɗin gidan.

Kayan da ake buƙata

Na farko ita ce rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi. Ita ce tsakar gidan netwok, duk saƙo ta kanta yake bi. Rauta mai ramukan kebul a bayanta, waɗanda aka rubuta LAN a kansu, ta fi ƙaramar MiFi ta aljihu, domin yawancin MiFi ba su da ramin kebul kuma na'urori kaɗan suke ɗauka.

Na biyu shi ne kebul na netwok mai kai irin RJ45. A nemi wanda aka rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa. Yana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa har tsawon mita 100. A tambayi mai shago ko wayar ciki jan ƙarfe ce zalla, domin akwai mai arha da aka yi da alminiyam aka shafa masa jan ƙarfe a sama, kuma wannan yana saurin karyewa.

Na uku shi ne suwic, idan ramukan rauta ba su isa ba. Ƙaramin akwati ne mai rami 5 ko 8, ba ya buƙatar wani saiti. A jona shi da rauta da kebul ɗaya, sauran ramukan a ba kwamfutoci. A duba kwalin a tabbatar an rubuta Gigabit. Bambancin yana da yawa: bidiyo mai gigabait 4 zai ɗauki kusan minti 6 a suwic mai megabit 100, amma a mai gigabit bai kai minti ɗaya ba.

Sababbin laftof da yawa, musamman na Apple, ba su da ramin kebul. Ga irinsu ana sayen ɗan adafta da ke shiga ramin USB.

Game da Wi-Fi, zango biyu ne aka fi sani: 2.4 GHz da 5 GHz. Na 2.4 ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, amma a wuri mai cunkoso kamar Nima ko Aboabo, inda kowane gida da rautarsa, yana yawan cushewa. Idan haka ta faru a gwada sauya tasha tsakanin 1 da 6 da 11, domin su ne ba sa hawa kan juna. Na 5 ya fi sauri amma bangon bulo yana rage masa ƙarfi sosai. A ɗora rauta a sama, a tsakiyar gida, nesa da firji da ƙofar ƙarfe. Kwamfutar da za ta riƙe fayilolin gida kuwa, a ba ta kebul.

Adireshin kowace na'ura

Kowace na'ura a netwok tana da lamba da ake kira adireshin IP, kamar lambar gida a layi. A netwok na gida yawanci yana farawa da 192.168. Rauta ce ke raba shi da kanta ta wani tsari mai suna DHCP. Adireshin rautar kanta yakan zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, kuma a rubuce yake a takardar da ke manne ƙarƙashinta.

Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: lambobi uku na farko su zama iri ɗaya a duk na'urorin, ta huɗu kaɗai ke bambanta. Idan ɗaya tana 192.168.1.10 ɗayar kuma tana 192.168.1.20, layinsu ɗaya. Idan ɗayar tana 192.168.0.20, ba za su ga juna ba.

Ga yadda ake duba adireshi:

- A Windows: a buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig, a duba layin IPv4 Address.
- A Mac: System Settings, sai Network, sai a danna haɗin da ke da koren ɗigo.
- A Linux: a buɗe Terminal a rubuta ip addr.

Rauta tana iya canza wa kwamfuta adireshi bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, sai a wayi gari hanyar da aka saba bi ta daina aiki. Maganin wannan shi ne a shiga shafin rautar ta hanyar rubuta adireshinta a burauza, a nemi wurin da aka rubuta Address Reservation ko Static DHCP, a ɗaure wa kwamfutar da ke riƙe fayil adireshi ɗaya na dindindin. A misalanmu na ƙasa, kwamfutar Windows tana 192.168.1.10, Mac tana 192.168.1.15, ta Linux kuma tana 192.168.1.20. Ku sa lambobin gidanku a madadinsu.

A kuma ba kowace kwamfuta gajeren suna, kada ya wuce harafi 15, babu tazara a ciki. Misali FALO, OFIS, RUMBU.

Kafin a ci gaba, a gwada hanya. Daga wata kwamfutar a rubuta ping 192.168.1.20. Idan amsa ta dawo, hanya a buɗe take. A lura cewa Windows ba ta amsa ping sai bayan an kunna raba fayil a cikinta, kamar yadda za a gani nan gaba.

Yaren da ya haɗa su

Kamar yadda Bafrafre da Bazabarme da Badagombe ke haɗuwa a kasuwar zango su yi ciniki da Hausa, haka waɗannan manyan manhajoji suke da yare ɗaya da duka suke ji wajen raba fayil. Sunansa SMB. An fara shi a kamfanin IBM a shekarun 1980, sannan Microsoft ta ɗauke shi ta sa a Windows. A 1992 wani ɗan Ostireliya mai suna Andrew Tridgell ya fitar da manhajar da ta zama Samba, wadda ta ba Linux damar yin wannan yare kyauta. Apple ma tun 2013 ta mai da SMB babbar hanyarta ta raba fayil a Mac.

SMB yana da tsoho da sabo. Na farko, SMB1, shi ne ƙofar da bairos ɗin WannaCry ya bi a watan Mayun 2017, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka dakatar da ganin marasa lafiya. Shi ya sa sababbin Windows da Samba suke zuwa da shi a kashe. Idan wani mai gyara ya ce a kunna SMB1 don tsohuwar kwamfuta ta shiga, kada a yarda. Windows XP ba ta jin wani yare sai shi, saboda haka ba ta da wuri a netwok na yau. Gara a goge ta a sa mata Linux mara nauyi idan jikinta zai ɗauka.

Masu tuna HomeGroup na zamanin Windows 7 su sani an cire shi daga Windows 10 tun 2018. Duk bidiyon koyarwa da ke maganarsa ya tsufa.

Raba folda daga Windows 10 ko 11

Mataki na 1. A shiga Settings, sai Network & internet, sai Properties na haɗin gidan, a zaɓi Private. Idan aka bar shi a Public, Windows za ta ɗauka a bainar jama'a take, ta rufe ƙofofinta. Wannan shi ne sanadin yawancin matsalolin da ake samu.

Mataki na 2. A nemi Advanced sharing settings. A Windows 11 yana ƙarƙashin Advanced network settings, a Windows 10 kuma yana cikin Network and Sharing Center. A kunna Network discovery da File and printer sharing na ɓangaren Private. A bar Password protected sharing a kunne.

Mataki na 3. A buɗe asusu na musamman don rabawa. A shiga Settings, Accounts, Other users, a ƙara sabon mutum, a zaɓi hanyar da ba ta buƙatar asusun Microsoft. A sa masa suna kamar gida, da kalmar sirri mai ƙarfi. Amfanin wannan shi ne maigida ba sai ya ba yara kalmar sirrinsa ba. Kuma lambar PIN da ake buɗe kwamfuta da ita ba ta aiki ta netwok, sai cikakkiyar kalmar sirri.

Mataki na 4. A ƙirƙiri folda a kan C ko D kai tsaye, misali D:\Hotuna. A danna ta da maɓallin dama, Properties, Sharing, Share. A ƙara asusun gida, a zaɓi Read idan kallo da kwafa kawai aka yarda, ko Read/Write idan an yarda a ƙara kuma a goge.

Kada a raba C gaba ɗayanta, kuma kada a ba Everyone izinin rubutu.

Raba folda daga Mac

A shiga System Settings, General, Sharing, a kunna File Sharing. A tsofaffin Mac na kafin 2022 sunan wurin System Preferences, sai Sharing. A cikin bayanan File Sharing a danna alamar ƙari a zaɓi foldar da za a raba, a saita wanda zai karanta da wanda zai rubuta. Sannan a shiga Options a tabbatar an kunna rabawa ta SMB, a kuma sa alama a kan asusun da ke ƙarƙashin Windows File Sharing, a rubuta kalmar sirrinsa. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan mantawa, sai Windows ta yi ta cewa kalmar sirri ba daidai ba ce alhali daidai take.

Raba folda daga Linux

Ga masu Ubuntu ko Linux Mint, a buɗe Terminal a bi waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya:

sudo apt install samba
sudo adduser gida
sudo mkdir /srv/rumbu
sudo chown gida:gida /srv/rumbu
sudo smbpasswd -a gida

Layi na farko yana sauko da Samba, kuma shi kaɗai ke buƙatar intanet. Na biyu yana buɗe asusu, na uku da na huɗu suna yin folda su mallaka wa asusun, na biyar yana sa masa kalmar sirrin Samba, wadda ita ce za a riƙa rubutawa daga sauran kwamfutoci.

Sai a buɗe fayil ɗin saiti da sudo nano /etc/samba/smb.conf, a sauka can ƙarshe a ƙara wannan:

[Rumbu]
path = /srv/rumbu
valid users = gida
read only = no

A adana, a rubuta testparm don a ga ko akwai kuskuren rubutu, sannan sudo systemctl restart smbd. Idan katangar tsaro ta ufw tana kunne, a ƙara sudo ufw allow samba.

Sau da yawa kwamfutar Linux ba ta bayyana a jerin Network na Windows ko da komai daidai yake. Wannan ba lalacewa ba ce, a shiga ta adireshi kawai. Mai son ta bayyana a jerin sai ya sa wata ƙaramar manhaja mai suna wsdd.

Tsohuwar kwamfutar da ta gaza ɗaukar Windows 11 tana iya zama rumbun gida ta wannan hanya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, ta kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Linux kuwa kyauta ce kuma ana ci gaba da sabunta ta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shiga foldar da aka raba

- Daga Windows: a buɗe File Explorer, a rubuta \\192.168.1.20\Rumbu a layin adireshi na sama. Don ta zauna dindindin, a danna foldar da maɓallin dama a zaɓi Map network drive, sai ta samu harafi kamar Z.
- Daga Mac: a Finder a danna Command da K tare, a rubuta smb://192.168.1.10/Hotuna.
- Daga Linux: a manhajar fayil a danna Ctrl da L tare, a rubuta smb://192.168.1.15.
- Daga iPhone ko iPad: a manhajar Files akwai Connect to Server a ƙarƙashin ɗigo uku, tun fitowar iOS 13 a 2019.
- Daga Android: manhajar VLC tana ganin foldojin netwok, tana kunna sauti da bidiyo kai tsaye ba tare da an cika wayar ba. Wannan zai yi wa iyayenmu daɗi wajen sauraron karatu da wa'azi.

A lura da karkatar sandar: Windows tana amfani da \ guda biyu a farko, sauran kuma suna amfani da / bayan smb.

Idan abin da ake so shi ne a jefa wa wani fayil sau ɗaya kawai, akwai manhaja kyauta mai suna LocalSend. Tana aiki a Windows da Mac da Linux da Android da iPhone, ta cikin Wi-Fi na gida, babu data. Matasan da suka saba da Xender za su gane ta nan take.

Firinta ɗaya ga kowa

Firinta mai Wi-Fi ko ramin kebul ita ce mafi sauƙi. A haɗa ta da rauta, a ɗaure mata adireshi na dindindin, sai a ƙara ta a kowace kwamfuta. Yawancin sababbi suna jin yaren IPP, don haka Mac da Linux da wayoyi kan gan su ba tare da an sa wata manhaja ba. A iPhone ana kiran wannan AirPrint.

Firinta mai USB kaɗai sai an jona ta da kwamfuta ɗaya a raba ta daga can. A Windows ana shiga Printer properties, Sharing, Share this printer. A Linux da Mac tsarin CUPS ne ke kula da bugu, kuma akwai wurin kunna rabawa a saitin firinta. Sharaɗin shi ne kwamfutar da firintar ke jikinta ta kasance a kunne. Wasu firintoci masu arha an yi su ne don Windows kaɗai, saboda haka mai niyyar saye ya duba kwalin ya ga ko an ambaci AirPrint ko Mopria.

Sunayen fayil da filash

Windows ba ta karɓar waɗannan alamomi a sunan fayil: \ / : * ? " < > |. Mai Linux ko Mac da ya sa alamar tambaya a suna zai iya jawo fayil ya ƙi kwafuwa ko sunansa ya rikice. Haka kuma Linux tana ɗaukar Suna.jpg da suna.jpg a matsayin fayil biyu, Windows kuwa ɗaya take gani. Rubutun Larabci da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna wucewa lafiya a sababbin manhajoji. Don kwanan wata a rubuta kamar 2025-03-30, sai fayiloli su jeru da kansu.

Idan kuka ga ƙananan fayiloli masu suna .DS_Store ko masu farawa da ɗigo da layin ƙasa, Mac ce ta bar su, ba bairos ba ne. Thumbs.db kuma na Windows ne.

Ta netwok babu ruwanku da irin tsarin faifan kowace kwamfuta. Amma ga filash da faifan waje akwai bambanci. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. NTFS na Windows ne, Mac tana karanta shi amma ba ta rubutu a kansa. Wanda duka ukun ke karantawa kuma su rubuta shi ne exFAT. A tuna cewa sauya tsarin filash yana goge duk abin da ke ciki.

Tsaro da amana

A gidan haya mai ɗakuna da yawa, kalmar sirrin Wi-Fi ba ta daɗewa a ɓoye. Ka ba maƙwabci ɗaya, gobe duk majalisar ataya ta samu. Kuma duk wanda ya shiga Wi-Fi ɗinku ya shiga netwok ɗinku, yana iya ƙwanƙwasa ƙofar kowace folda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka:

1. A canza kalmar sirrin shiga shafin rauta. Da yawa suna zuwa da admin a matsayin suna da kalmar sirri, kuma kowane yaro ya san haka.
2. A zaɓi WPA2 ko WPA3 a tsaron Wi-Fi. WEP ya daɗe da karyewa. A kashe WPS.
3. A kunna Guest network don baƙi da maƙwabta. Zai ba su intanet ba tare da sun ga kwamfutocin gida ba.
4. Kowace folda da kalmar sirri. Sababbin Windows 11, musamman Pro, suna ma ƙin shiga foldar da ba ta da ita.
5. Kada a buɗe ƙofa mai lamba 445 a rauta zuwa intanet. SMB na cikin gida ne.
6. A raba takardu gida biyu. Hotunan suna da na Sallah kowa ya gani. Hoton katin Ghana Card, fasfo, takardar fili da ta gado, waɗannan su zauna a foldar da mutum ɗaya ko biyu kaɗai ke shiga.

Masu makaranta da ke riƙe sunayen yara, da wakilan aikin Hajji da ke karɓar fasfon mutane, da masu shagon buga takardu, su sani abin da ke hannunsu amana ce, kuma doka ma ta yi magana a kai. A Gana akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, da ta ɗora wa mai riƙe bayanan wasu nauyin tsare su. Kwamfutar da kwastomomi ke taɓawa kada ta ga foldar ofis. Wanda aka yi wa kutse ko damfara ta intanet yana iya kiran hukumar tsaron intanet ta ƙasa a lamba 292.

Sannan raba folda ba ajiya ba ce. Idan yaro mai izinin rubutu ya goge fayil ta netwok daga foldar Windows, ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan. Bairos mai kulle fayil don neman kuɗin fansa kuma yana bin duk foldar da kwamfutar ke da izinin rubutu a kanta. Saboda haka a samu faifan waje, a riƙa kwafe muhimman abubuwa duk mako, a cire shi a ajiye a wani ɗaki. Hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya da sautin karatun malaman da suka rasu ba a sayensu a kasuwa.

Wuta, damina da hunturu

Wutar Gana bolt 230 ce. Kayan da aka aiko daga Amurka ko Kanada a duba jikin cajarsu: idan an rubuta 100-240V babu damuwa, idan 120V kaɗai aka rubuta za ta ƙone. Wasu tsofaffin kwamfutocin tebur suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230, a tabbatar yana kan 230 kafin a jona.

Ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafa tana lalata fayil, wani lokaci har faifan. Kwamfutar da ke riƙe fayiloli tana buƙatar UPS, ko da ƙarami ne da zai ba da mintunan kashe ta lafiya. Tsohon laftof mai sauran batir ya dace da wannan aiki, tun da batirinsa zai riƙe shi idan dumso ta zo. Rauta ma akwai ƙaramin batir da ake sayar mata, a duba ƙarfin da ke rubuce a cajarta, yawanci bolt 9 ko 12, a sayi daidai shi.

Da damina, kebul ɗin da aka ja ta sararin tsakar gida ko ta kan kwano daga wannan gini zuwa wancan yana iya kwaso tsawa ya ƙone rauta da kwamfuta tare. A sa shi cikin bututun roba a bi da shi jikin bango, kuma idan hadari ya taso a zare shi. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fanka, sai a riƙa hure ta, kada a ajiye kwamfuta a ƙasa.

Idan abu ya ƙi

A bi wannan jeri daga sama, kada a tsallake:

- Fitilar ramin kebul tana ci? Idan ba ta ci, a canza kebul ko rami.
- Adireshi ya fara da 169.254? Kwamfutar ba ta samu amsa daga rauta ba. A kashe rautar a kunna, a sake jona.
- Lambobi uku na farko sun bambanta? Wataƙila ɗaya tana kan Wi-Fi na baƙi, ko kan hotspot na waya, ko akwai rauta biyu a gidan kowace tana raba nata adireshi. Idan rauta biyu ce, a sa ta biyun a yanayin Access Point. Idan ba ta da shi, a kashe DHCP ɗinta, a ba ta adireshin da ba kowa a kansa a layin ta farko, a haɗa su LAN da LAN.
- Duka suna kan Wi-Fi ɗaya amma ping ba ya wucewa? A duba ko AP Isolation yana kunne a rauta, a kashe shi.
- Windows ta nuna 0x80070035? Ma'anarsa ba ta ga hanya ba. A tabbatar netwok yana Private, a gwada da adireshi maimakon suna.
- Tana ƙin kalmar sirri? Wataƙila ta riƙe tsohuwa. A buɗe Credential Manager a Windows a goge ta, a sake shiga.
- Jiya ya yi, yau ya ƙi? Ko kwamfutar da ke riƙe foldar ta yi barci, ko adireshinta ya canza. A hana ta barci a saitin wuta, a ɗaure mata adireshi.

Kada a kashe katangar tsaro gaba ɗaya don neman sauƙi. Idan an kashe ta don gwaji, a mayar nan take.

Shawara ta ƙarshe ita ce a fara da kwamfuta biyu da folda ɗaya. Idan sun yi, a ƙara ta uku, sannan firinta, sannan wayoyi. A rubuta sunayen na'urori da adireshinsu da kalmomin sirri a littafi, a ba babban gida ya ajiye inda yake ajiye takardunsa, don kada ranar da yaron da ya haɗa ya tafi makaranta ko ya yi tafiya a rasa mai buɗewa. Matasan da suka iya kuma su taimaka wa makarantunmu da masallatanmu da wannan aiki, su koya wa na bayansu.

Allah Ya sa mu amfana, Ya tsare mana amanar da ke hannunmu. Amin.